Rago Bayan Sallah: Yaushe Ƙungiyar Ƙwallon Kwando Ke Rabuwa da Ginshiƙanta?

In watan Yuni ya raba aka ɗaga kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, mu da muka kwashe wata biyu muna tashi ƙarfe ɗaya da rabi na dare muna kallo a waya sai mu samu barci. Gardama kuwa sai ta dawo sabuwa. A filin da muke jefa ƙwallo da yamma a unguwarmu nan Kaduna, da an sha ruwa an zauna gefen siminti, maganar ɗaya ce: wa za a sayar, wa za a bari, wace ƙungiya ce ya kamata ta rushe gininta ta sake aza harsashi.

Wani ɗan yayata da ya fara bin wasan kwanan nan ne ya yi min tambayar da ta sa na zauna rubuta wannan. Ya ce, "Kawu, ni fa abin nan ya ɗaure min kai. Ƙungiya tana da ɗan wasan da ya fi kowa a cikinta, ba ta rasa kuɗin biyansa ba, sai kawai a ce ta bayar da shi a ba ta yaran da ba su ma gama makaranta ba. Wannan ba hauka ba ne?"

Tambayarsa ta mai ƙwallon ƙafa ce, kuma dukanmu daga can muka fito. A ƙwallon ƙafa mai kuɗi ya sayi wanda yake so, wanda ya yi sake kuma ya faɗa rukuni na ƙasa. Mutanen garin nan sun ga Kaduna United ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010, 'yan shekaru kaɗan bayan haka suka ga ta faɗo daga babban rukuni. Wanda ya san wannan ɗacin ba zai taɓa yarda a ce ƙungiya ta zaɓi shan kashi da gangan ba. To a NBA babu faɗuwa. Ƙungiyoyi 30 ne, kowacce ta buga wasa 82, wadda ta zo ta ƙarshe bana tana nan daram baɗi. Ƙari a kan haka, lada ake ba ta: duk shekara ana zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i da ƙasashen waje, kuma waɗanda suka fi shan kashi su ne ke kusa da gaban layi. Gurbin zaɓen nan dukiya ce da ake ciniki da ita, har na shekara bakwai masu zuwa ana iya bayarwa.

Sai kuma iyakar albashi. A kakar 2025 zuwa 2026 an yanke ta a kusan dala miliyan 154.6 ga kowace ƙungiya. Dokar ta bar wata ƙofa: kana iya wuce iyakar don ka sabunta wa ɗan wasanka da ya daɗe a wurinka kwantiragi, amma ba ka iya wuce ta don ɗauko babban ɗan wasan wani. A nan ƙullin yake. In albashin ƙungiyarka ya riga ya haura iyaka, sai ginshiƙinka mai karɓar miliyan 30 ya gama kwantiragi ya kama gabansa, miliyan 30 ɗin nan ba ta dawo hannunka ka je kasuwa da ita ba. Ta bi shi. Shi ya sa duk manaja ke kwana da lissafin wa'adi: ko ka biya shi abin da yake nema ka ɗaure kanka shekara huɗu ko biyar, ko ka yi musaya da shi tun yana da sauran kwantiragi, ko ka wayi gari ba tsuntsu ba tarko.

Duk wanda ya taɓa turke ragon layya ya san wannan lissafin. Ka je Zango a Tudun Wada saura kwana uku Babbar Sallah, ka koma bayan Sallah da mako guda. Ragon bai sauya ba, ƙahonsa na nan, kitsensa na nan. Mai buƙatarsa ne ya tafi. Ɗan wasa ma haka: darajarsa a kasuwa ta dogara ga shekarunsa, da sauran wa'adin kwantiraginsa, da ko akwai wata ƙungiya da zumuɗin kofi ya rufe wa ido a daidai lokacin.

Matasanmu sun fi karkata ga rushewa. Da ƙungiya ta fita a zagayen farko na wasannin fitar da gwani sau biyu sai ka ji, "A watsa su kawai, a tara guraben zaɓe." Ni ban yarda rushewa ita kaɗai tana gina komai ba, kuma ga dalilina.

Philadelphia 76ers ce ta gwada abin har ƙarshensa. Daga 2013, ƙarƙashin manajanta Sam Hinkie, ta sallami duk wanda zai iya ci mata wasa. A kaka uku ta ci wasa 19, sannan 18, sannan 10. Wato nasara 47 cikin wasa 246. Yaron da ya fara goyon bayanta yana aji ɗaya na babbar sakandare ya gama makaranta bai taɓa ganin ta yi abin kirki ba. Ta samu Joel Embiid, ɗan Yawunde ta Kamaru, a gurbi na uku a 2014, kuma ya zama gwarzon ɗan wasan gasar a 2023. Sauran fa? Jahlil Okafor na uku a 2015, Ben Simmons na ɗaya a 2016, Markelle Fultz na ɗaya a 2017, duk sun bar ƙungiyar ba tare da sun kai ta ko'ina ba. Har kakar 2025 ta ƙare Philadelphia ba ta kai ko wasan ƙarshe na yankin gabas ba; rabonta da shi tun 2001.

Bayan wannan ma aka sake ƙuntata hanyar. Ƙuri'ar rabon guraben gaban layi ake jefawa tsakanin ƙungiyoyi 14 da ba su kai zagayen fitar da gwani ba, kuma a ƙa'idar da aka kafa a 2019 ƙungiyoyi uku mafiya rauni kowacce damarta ta samun gurbi na ɗaya kashi 14 ne kacal cikin ɗari. Detroit ta fi kowa shan kashi a 2023 da 2024, sau biyun duka gurbi na biyar ta samu. Utah ta ci wasa 17 a kakar da ta ƙare a 2025, ita ma na biyar. Dallas, mai damar kashi 1.8, ita ta tafi da gurbi na ɗaya da Cooper Flagg. Manajan da ya ce wa magoya baya su haɗiye shekara guda ta wulaƙanci don wannan ƙuri'a, ya kamata ya gaya musu cewa sau shida cikin bakwai ba za ta faɗo musu ba.

Za a ce, to Boston da Oklahoma fa, ai sun rushe kuma sun ci kofi. Gaskiya ne sun ci. Sai dai a duba da kyau abin da suka yi.

A 2013 manajan Boston Danny Ainge ya ɗauki Kevin Garnett mai shekara 37 da Paul Pierce mai 35, waɗanda suka kawo wa Boston kofin 2008, ya miƙa wa Brooklyn Nets. Mai ƙungiyar Brooklyn na lokacin, attajirin Rasha Mikhail Prokhorov, kofi yake so nan take. Ya bayar da gurabensa na zagayen farko na zaɓen sabbin 'yan wasa na 2014 da 2016 da 2018, da kuma damar musayar gurbi a 2017. Pierce kaka ɗaya ya yi a can ya wuce, Garnett bai cika biyu ba. Brooklyn ta durƙushe, har ta ci wasa 20 kacal a kakar 2016 zuwa 2017, kuma ba ta da ko ladan durƙushewar, don guraben nata suna aljihun Boston. Da su aka ɗauko Jaylen Brown a 2016. A 2017 gurbi na ɗaya ya faɗo wa Boston, Ainge ya ba Philadelphia ta ɗauki Fultz, shi ya sauko na uku ya ɗauki Jayson Tatum, har da ƙarin wani gurbi a kai. Su biyun nan suka ɗaga kofi na 18 na ƙungiyar a 2024. A duk tsawon wannan tafiya kaka ɗaya tak Boston ta rasa zagayen fitar da gwani. Wani ne ya sha mata kashin.

Oklahoma City ma kusan haka. A 2019 Los Angeles Clippers na neman Kawhi Leonard ruwa a jallo, shi kuma yana son a haɗa shi da Paul George na Oklahoma. Manajan Oklahoma Sam Presti ya gane cewa mai saye ba shi da mafita, sai ya tsuga kuɗi: Shai Gilgeous-Alexander, da Danilo Gallinari, da guraben zagayen farko guda biyar, da damar musaya biyu. Ɗaya daga cikin guraben ya zama Jalen Williams a 2022. Ba zan ɓoye ba, Oklahoma ta sha nata kashin kaka biyu, nasara 22 da 24, kuma daga nan Chet Holmgren ya fito. Amma mutumin da ya zama gwarzon gasar a 2025, ya ja su zuwa nasara 68 da kofi a kan Indiana, a ranar cinikin aka same shi, ba a ƙuri'a ba.

Abin da na fahimta daga waɗannan biyun shi ne sun sayar ana saura kwana uku Sallah, ga wanda ya rantse sai ya yanka. Wannan hikimar ciniki ce, kuma ba kowace shekara ake samun irin wannan mai saye ba. Ƙungiyar da ta yanke shawarar rushewa a shekarar da babu Prokhorov a kasuwa, a farashin bayan Sallah za ta bayar.

Masu cewa a riƙe su ma suna da hujja, kuma ba ta tausayi ce kawai ba. Dattawan filinmu kan ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Chicago Bulls ta ci kofi na shida a 1998, aka bar koci Phil Jackson ya tafi, Michael Jordan ya yi ritaya, aka tura Scottie Pippen Houston. Kaka ta gaba ta ci wasa 13 cikin 50, ba ta sake leƙa zagayen fitar da gwani ba sai 2005, kofi kuwa shiru har yau. Dallas ta ci a 2011, ta bar Tyson Chandler ya tafi don ta tanadi sararin albashi ga taurarin da ba su zo ba, gwaninta Dirk Nowitzki bai sake tsallake ko zagaye ɗaya ba har ya ajiye takalmi.

San Antonio ce misalin da na fi so. A 2011 ta ci wasa 61, ta zo ta ɗaya a yamma, sai Memphis da ke ta takwas ta fitar da ita a zagayen farko. Ginshiƙinta Tim Duncan na da shekara 35. Duk wanda ya ce a lokacin an gama da su, ba za a ga laifinsa ba. Koci Gregg Popovich da manaja R.C. Buford ba su taɓa Duncan da Tony Parker da Manu Ginobili ba. Abin da suka yi ƙarami ne a ido: suka ba Indiana George Hill, ɗan wasan da Popovich ke ji da shi, suka karɓi yaron da aka zaɓa a gurbi na 15, Kawhi Leonard. A 2012 Duncan ya yarda ya karɓi ƙasa da rabin albashinsa na baya don a samu abin biyan wasu. A 2013 kofi ya kuɓuce musu a hannun Miami saura daƙiƙoƙi a wasa na shida. Suka dawo da mutanensu a 2014 suka lallasa Miami ɗin 4 da 1. Riƙewar ta yi aiki ne saboda sharuɗɗa uku sun haɗu wuri guda: akwai gwani na gaske a tsakiya, gwanin ya yarda a rage masa, kuma ana ta shigo da sabon jini ta ƙasa ba tare da an jinginar da gaba ba.

In sharaɗi na uku ya ɓace, riƙewa kan koma bashi. Milwaukee ta bayar da gurabe masu yawa a 2020 ta ɗauko Jrue Holiday don gwaninta Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne da suka yi hijira zuwa Girka, ya zauna, kuma ta ci kofin 2021. Wannan cinikin ya biya kansa. Na biyun, da aka ɗauko Damian Lillard a 2023, bai biya ba. Jijiyar agararsa ta tsinke a 2025, ƙungiyar ta sallame shi ta rarraba kusan dala miliyan 113 da yake bin ta a kan shekara biyar. Sama da miliyan 22 duk shekara ke nan daga lissafin albashinta, har 2030, ga mutumin da ya koma Portland.

Yarjejeniyar da masu ƙungiyoyi da 'yan wasa suka ƙulla a 2023 ta ƙara tsananta lamarin. Da can mai kuɗi ya biya harajin wuce iyaka ya ci gaba da harkarsa. Yanzu an kafa wani shinge na biyu, wanda a kakar 2025 zuwa 2026 yake kusan dala miliyan 207.8. Wanda ya haura shi ba zai haɗa albashin 'yan wasa biyu ya karɓo babba ɗaya ba, ba zai sa tsabar kuɗi a ciniki ba, kuma a daskarar da gurbinsa na shekara bakwai masu zuwa, in ya daɗe a sama a jefa gurbin ƙarshen layi. Boston ɗin da na yaba a sama ita ta fara ɗanɗanawa. Tatum, mai kwantiragin dala miliyan 314, ya tsinke agara a watan Mayun 2025, kafin Yuni ya ƙare an ji labarin tafiyar Holiday, wanda ya zo Boston bayan zamansa a Milwaukee, zuwa Portland da Kristaps Porzingis zuwa Atlanta. Shekara guda bayan kofi. Tatum da Brown suka riƙe, waɗancan biyun suka saki, don doka ba ta bar su da wata hanya ba.

Na ajiye Toronto zuwa ƙarshe saboda ita ce tawa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk ɗan jihar nan. Masai Ujiri, wanda ya shugabanci ƙungiyar, a Ingila aka haife shi, amma a Zariya ya tashi, a can ya fara riƙe ƙwallon kwando, a hannun koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya sadaukar da rayuwarsa ga yaran Samaru da Jami'ar Ahmadu Bello. Tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna daga Kawo. Da yawanmu saboda shi muka fara kwana ido biyu kan wata ƙungiya a Kanada. Kuma a rayuwarsa ta aiki an ga fuskokin wannan tambaya biyun duka.

A 2018 Toronto ta ci wasa 59, mafi yawa a tarihinta, sai Cleveland ta LeBron James ta share ta 4 da 0. Shekara ta uku ke nan a jere ƙungiya ɗaya na fitar da ita. Ujiri yana iya barin komai yadda yake, a ci gaba da cin hamsin da wani abu, ana cika zauren kallo, babu mai zarginsa. Yana kuma iya watsa kowa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya sallami Dwane Casey, wanda a shekarar aka zaɓa gwarzon koci. Ya ɗauki DeMar DeRozan, da ya yi wa birnin kaka tara kuma ya fito ƙarara ya ce nan ne gidansa, ya miƙa wa San Antonio, ya karɓo Kawhi Leonard da ya buga wasa tara kacal a kakar da ta wuce, ga rauni, ga shekara ɗaya da ta rage a kwantiraginsa. Na ji zafin wannan ciniki, kuma har yau ina ganin an ci amanar DeRozan a yadda aka yi shi. Amma ka duba abin da bai taɓa ba: Kyle Lowry ya zauna, Pascal Siakam ɗan Kamaru da aka zaɓa a gurbi na 27 ya zauna, Fred VanVleet da babu wanda ya zaɓa ma ya zauna, OG Anunoby ya zauna. Ginshiƙi ɗaya ya sauya, wanda ya tabbatar ba zai ɗauki nauyin rufin ba. Lissafinsa a fili yake: in Kawhi ya tafi bayan shekara, an huta da babban kwantiragin DeRozan, ga matasa a hannu, sake gini ya zo da sauƙi. A Yunin 2019 suka doke Golden State 4 da 2. Kawhi ya tafi wata guda bayan nan, kofin ya zauna.

Mutumin nan dai shi ne a watan Fabrairun 2023. Ƙungiyar na tangal-tangal, ba ta cikin manya, ba ta cikin na ƙasa. Kwantiragin VanVleet na ƙarewa a bazarar nan, na Siakam da Anunoby shekara ta gaba. Masu saye suna ƙofa. Wannan ita ce jajibirin Sallah. Ujiri bai sayar ba, sai ma ya bayar da gurbin zagayen farko ya dawo da Jakob Poeltl. Suka ƙare da nasara 41 da faɗuwa 41, Chicago ta fitar da su a wasan neman shiga zagayen fitar da gwani a gidansu. VanVleet ya tafi Houston ba a samu ko sisi ba. Anunoby aka tura New York a Disamba, Siakam aka tura Indiana a Janairun 2024, dukansu saura 'yan watanni kwantiraginsu ya ƙare, lokacin da mai saye ya san kai ke cikin matsi. Ƙungiyar ta ci wasa 25 a kakar, gurbin da shan kashin ya haifar, na takwas, ya tafi San Antonio saboda cinikin Poeltl. A Yunin 2025 Toronto ta raba gari da Ujiri bayan shekara 12.

Ban ɗauka basira ce ta ƙare masa ba. Yaran nan shi ya tono su, ya raine su, suka ɗaga kofi tare, kuma ya riga ya san abin da rabuwa da DeRozan ta ci masa. Ya so ya ba su dama ɗaya ta ƙarshe, kuma wanda ya taɓa turke dabba a gida har yara suka sa mata suna ya san yadda hannu ke nauyi ranar kai ta kasuwa. Sai dai damar da ya ba su ba cikakkiya ba ce. Bai da Duncan a tsakiya da zai sa riƙewa ta yi ma'ana, bai kuma zuba abin da zai mayar da su manya ba. Shekara guda ya jinkirta, kuma shekarar nan ita ta raba farashin Paul George da farashin Siakam.

Na gaya wa ɗan yayata duk wannan a zaune gefen fili, har aka kira magariba. Ya ce, "To Kawu, da kai ne a 2023, za ka sayar da Siakam?" Na ce masa zan sayar, a Fabrairun nan, kuma zan yi kwana uku ban ci abincin kirki ba. A Yunin 2025 na tashi ƙarfe ɗayan dare na kalli Siakam a wasan ƙarshe na bakwai, sanye da rigar Indiana, bayan an ba shi kyautar gwarzon wasannin ƙarshe na yankin gabas. Shi na goya wa baya har aka busa tashi.